Baba, Tankunan Gas da Ɗan Gwaggo

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Baba ya riga mu tafiya.

Ya cika da hantsi a gidansa na Gumel, ranar kasuwar Maigatari. Shi ya sa labarin bai tsaya jiran kowa ba. Direbobin da ke kai shanu suka tafi da shi a baki, masu Keke Napep suka raba shi unguwa-unguwa, kafin a yi sallar Azahar ƙofar gidanmu ta cika har an ari tabarmin masallaci.

A cikin gida mata ne. Kowace ta shigo sai ta durƙusa gaban Umma, ta juyo wurina, ta ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Abin da suke faɗa a kansa duk iri ɗaya ne: mutum ne mai kawaici, bai taɓa ɗaga wa mace murya ba, yana gaida yara kafin su gaishe shi. Duk gaskiya ne. Amma da an ɗauki wannan yabon an kai gidan kowane dattijon kirki a garin nan, zai zauna daidai. Ni Babana nake nema a bakinsu, ban same shi ba.

A waje yake. Tagar ɗakinsa tana kallon rumfar da maza suke zaune, sai na koma can na zauna a bakin gadonsa. Ta nan na ji wani tsoho da suka yi aiki tare a matatar mai yana cewa bai taɓa ganin mutumin da ke jin tsoron wuta bisa ilimi irin Injiniya ba. Na ji masu sayar da gas daga Maigatari da Sule Tankarkar. Na ji wani bafatake daga Damagaram yana cewa har tashar gas ɗinsu ta can marigayin ya taɓa zuwa dubawa, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Na ji mai facin bakin tasha yana kuka kamar ƙaramin yaro, ana ba shi baki.

Kuma kowane ɗayansu, in ya gama, hannun mutum ɗaya yake kamawa. Ɗan Gwaggo. Ɗan ƙanwar Baba, taubashina, wanda ya girma a gidanmu.

"Allah ya jiƙan Injiniya," in ji tsohon matatar. "Amma ai bai mutu ba, tunda ya bar ka."

"Ya bar magaji," wani ya amsa. "Hannunsa ne sak."

Gwaggo, uwarsa, tana bayana ashe ita ma tana saurare. Ta share hawaye da bakin mayafi, ta ce, "Kin ji ko? Allah sarki, Yaya. Ya ɗauki marayana ya mai da shi mutum."

Na ce, "Na ji, Gwaggo."

Umma ta leƙo, ta dube ni sau ɗaya, ta ce, "Taso daga bakin tagar nan. Baƙi na jiranki." Ita ta san abin da ke cina. An ce kishi kumallon mata ne, amma ba a faɗa mana har a kan uba ana yinsa ba, kuma har a ranar da aka ɗauki gawarsa.

Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma zan faɗe shi yadda na san shi, da abin da ya ba ni da abin da ya ba wani ina kallo.

Baba mutumin Gagarawa ne, daga gidan da ake noma ana kiwo, ana Hausa a waje ana Fillanci a ɗaka. Karatu ya ɗauke shi zuwa matatar mai, can ya ƙare ƙarfinsa, ya dawo Gumel da furfura. Ya dawo daidai lokacin da mata suka fara barin icce suna komawa gas, tashoshin gas suna tsirowa a bakin kowace hanya. Duk wanda zai kafa tanki sai a ce masa, "Je ka ga Injiniya." Shi kuwa Injiniya tambayarsa ɗaya ce, ko tankin gas ne, ko tukunyar tururi ta masu matsar mai, ko wani abin daban: "In wuta ta kewaye shi, ta ina zai yi numfashi?"

Ni ya fara yi wa bayanin wannan tambaya, ina 'yar firamare, ya zo hutu. Umma ta ɗora wake, murfin tukunya yana ta rawa. Ya tsuguna kusa da murhu, abin da maza ba su cika yi ba, ya ce, "Uwata, me ya sa murfin nan yake tsalle?"

Na ce, "Tururi ne yake son fita."

"In na ɗaure murfin da waya fa?"

"Sai tukunyar ta fashe."

"To, tanki ma tukunya ce, sai dai murfinsa ba ya ɗagawa. Shi ya sa ake yi masa ƙofa a ka, bawul mai sifirin. In matsi ya kai wani mataki, ya buɗe da kansa. Aikina shi ne in san girman ƙofar. In ta yi ƙanƙanta, tururin da wuta ke haifarwa ya fi wanda ke fita, tanki ya fashe. In ta yi girma fiye da kima, ta riƙa buɗewa tana rufewa kamar haƙoran mai zazzaɓi, har ta lalata kanta."

Na ce, "Ta yaya ake sanin girman?"

Sai ya yagi takarda, ya naɗe ta kamar ta mai gyaɗa, ya zuba ruwa rabi, ya riƙe a kan garwashi. Inda ruwa yake takardar ba ta ci ba. Sama da ruwan kuwa ta yi baƙi, ta fara cin wuta.

"Kin gani? Inda ruwa ke taɓawa daga ciki, zafi yana wucewa ya tafasa shi. Wannan gefen ake aunawa, iya tsayin da harshen wuta zai kai, a san yawan zafin da zai shiga. Sannan a san zafin da ruwan ke buƙata kafin ya zama tururi. Daga nan ƙofa ta fito. Amma saman nan da babu ruwa, bawul ba ya cetonsa. Ƙarfe ne kawai da wuta. Sai an watsa masa ruwa daga waje."

Na ɗauki wannan takarda tamkar wani abu ne da ni da shi kaɗai muka sani a duniya. Saboda ita na karanci injiniyancin sinadarai. Bayan shekaru, mijin Gwaggo ya rasu a Ɗanzomo, aka kawo mana Ɗan Gwaggo riƙo. Wata rana na fito daga ɗaki na tarar da su biyu a gaban murhu, Baba riƙe da naɗaɗɗiyar takarda da ruwa rabi, yana cewa, "Ka gani?" Da irin muryar nan, da irin murmushin nan. Na koma ɗaki ban ci abincin rana ba. Umma ta ɗauka ciwon ciki ne.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, sai Uwata. Bai taɓa yi mini tsawa ba. Bai taɓa yabona a gaban mutane ba. In aka tambaye shi labarina sai ya ce, "Suna nan lafiya," ya sauya zance. Ranar da na gama jami'a ya ce, "To, madalla," ya yanka rago ya ce sadakar mahaifiyarsa ce. Ranar da Ɗan Gwaggo ya gama nasa karatun na injiniyancin inji, Baba ya tuƙa mota da kansa har Ɗanzomo, yana tsayawa a hanya yana faɗa wa duk wanda ya sani.

Yana da halaye da ba za a manta ba. A aljihun ƙofar motarsa akwai wata doguwar waya mai lanƙwasa a baki. Ta zanzaro ce. Zanzaro yana son bututun da ke saman bawul, ya shiga ya yi gininsa na laka ya toshe shi, kuma Baba ya ce lissafin duniya ba ya amfani in zanzaro ya riga ka. Ko biki za mu, in ya hango tanki a bakin hanya sai ya taka birki. Umma ta ce, "Malam, ɗaurin aure fa za mu." Ya ce, "Ba za a ɗaura da tanki ba, shi ba ya zuwa, ni zan je masa." Ya fita da babbar riga, ya leƙa ƙarƙashin bawul ya ga ko wani ya rufe makunnin da ke hana shi aiki, ya dawo da tsatsa a hannun riga. Mun sha isa wurin biki an riga an shafa fatiha.

Mai facin da ya yi kuka a rumfa, ga dalilinsa. Tankin iskarsa tsohuwar tukunyar gas ce aka yi wa walda. Bawul ɗinta yana yawan huci, ya dame shi, sai ya sa aka toshe shi da ƙusa. Baba ya tsaya ƙara iska a taya ya gani. Bai yi masa faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, 'ya'yanka nawa ke zama a inuwar nan in sun taso daga makaranta?" Mutumin ya nuna masa su, suna cin rake a gindin tankin. Washegari Baba ya dawo da sabon bawul da geji, ya cire hula, ya zauna a kan tsohuwar taya cikin rana, ya ɗaura da hannunsa. Ya kuma sa shi ya ja zoben bawul ɗin a gabansa har ya daina jin tsoron ƙararsa. Daga ranar mai facin bai ƙara karɓar kuɗin iska a wurinsa ba, Baba kuwa ya koma sayen rake wa yaran.

Ko wannan labarin ma daga bakin Ɗan Gwaggo na ji. Shi yake wurin.

Haka aikin ya rabu ba tare da an zauna an raba ba. Ni ina koyarwa a wata kwalejin fasaha, gidan mijina ba nisa da na Baba. Su biyu suke fita. Su auno tanki, tsawonsa da faɗinsa, abin da za a zuba a ciki, yadda ƙasar wurin take, ko akwai ruwan kashe gobara ko babu. Da yamma Baba ya biyo ta gidana, ya tsaya a zaure, ya miƙo mini awon ya ce, "Uwata, in kin samu sarari." In yi lissafi, ya zo ya karɓa, ya duba sama-sama, ya ce, "To, madalla." Shi ke nan. Shi da Ɗan Gwaggo kuwa sai su yi musu a kan zaren ƙusa ɗaya daga La'asar har a kira Magariba. Ya kira shi shashasha, ya kore shi, ya aika a kirawo shi su ci tuwo kwano ɗaya. Na sha zama ina jinsu ina cewa a raina, ni ma da zai ce mini shashasha sau ɗaya.

A wasan taubasai nakan ce wa Ɗan Gwaggo, "Kai dai ɗan ɗaukar jaka ne." Ya yi dariya ya ce, "Na yarda, uwar ɗakina. Amma jakar ta san gari, ke kuwa teburi kika sani." Kowa ya yi dariya, har da ni. Wasa yana da amfani, yana ɗaukar maganar da ba a iya faɗa a tsaye.

Rigimar da ta fi kowace girma a rayuwar Baba da amininsa ya yi ta, Alhaji mai gas na Maigatari. Makarantar allo ɗaya suka yi a Gagarawa, kan tabarma ɗaya. Kasuwa ta buɗe wa Alhaji, ya cire ƙaramin tankinsa ya kawo babba, amma yana so a mai da tsohon bawul a kan sabon tanki. Baba ya kawo mini awon. Na yi lissafi na ga ƙofar ba ta kusa isa ba. Na ƙara da cewa a karkata daɓen ƙasa yadda in wani abu ya zuba zai gangara nesa da tankin, a kuma ja bututun feshin ruwa ta samansa.

A zauren Baba suka yi ta, ina cikin gida ina ji.

"Injiniya, bawul ɗin nan sabo ne fil. Tun da aka ɗaura shi bai taɓa ko tari ba."

"Kai ma ba ka taɓa mutuwa ba, Alhaji, amma na ga ka zo da likkafani daga Makka."

"Fata kake yi mini?"

"Ba fata ba ne. Wuta ba ta san mun yi karatu a allo ɗaya ba."

Alhaji ya ce zai sami wanda zai ɗaura masa ba tare da wa'azi ba. Ya kaɗe riga ya fita. Baba bai bi shi ba. Abin da ya yi ya fi haka zafi: ya je wurin malamin da ke da makarantar allo a bayan katangar tashar, ya zauna, ya gaya masa gaskiyar abin da ke tsaye kusa da ɗalibansa. Malamin ya tashi da kansa ya je wurin Alhaji da dattawan unguwa. Alhaji ya canza bawul, ya ja bututun ruwa, ya gyara daɓe, amma ya ce Injiniya ya tona masa asiri a garinsa. Damina ta zo ta wuce ba su gaisa ba. Aka yi wa Alhaji jika, Baba ya je suna, ya yi addu'a, bai ci abinci ba, ya taso. Umma ta ce a watannin nan yakan zauna da yamma shi kaɗai a inda suke zama su biyu, bai taɓa cewa ya yi kewa ba.

Da rani, wata motar harawa da za ta kasuwar dabbobi ta kama da wuta da tsakar rana daidai katangar tashar. Direban ya yi tsalle ya fita, motar ta gangara ta ture katanga, damman harawa suka zube suna ci a gindin tankin. Allah ya sa Ɗan Gwaggo yana Maigatari a ranar. Kowa yana gudu waje, shi ya shiga. Ya buɗe feshin ruwa, ya ja tiyo yana jiƙa saman tankin, yana ihu a kwashe yaran makaranta. Can sai bawul ya buɗe. Waɗanda suka ji sun ce ƙarar ta kai har kasuwar dabbobi, shanu suka tsinke igiya. Gas ya yi sama ta bututu ya kama da wuta kamar doguwar giginya a tsaye, mutane suna salati sun ɗauka tankin ne ya tashi. Bai tashi ba. Harawa ta cinye kanta, wuta ta mutu, bawul ya koma ya rufe. Fentin tankin ya kumbura ya yi baƙi, amma yana nan tsaye, kuma ko ɗan yatsa ba a rasa ba.

Aka kira Baba, ya isa kafin ƙasa ta huce. An ce da Alhaji ya gan shi sai ya riƙe hannunsa kawai ya sunkuyar da kai. An ce Baba ya juya ya rungume Ɗan Gwaggo a gaban jama'a, ya cire hularsa ya ɗora masa, ya ce, "Ku shaida, wannan ɗana ne." An ce, an ce. Ni ina aji ina koyar da ɗalibai yadda ake lissafin tururi.

Bai yi kuskure ba. Ɗan Gwaggo ya shiga inda ni ban san ko zan iya shiga ba, kuma har yau akwai tabon ƙuna a damtsensa. Amma ƙofar da ta buɗe a ranar, a kan teburina aka san girmanta.

Washegari na dafa wa Baba dambu na kai da kaina. Na ajiye, na ƙi tashi.

"Baba, bawul ɗin nan, lissafin wa ne?"

Ya ce, "Naki ne, Uwata."

"Akwai wanda ya sani a Maigatari?"

Ya juya cokali a cikin dambun. Sannan ya ce, "Yabon kai jahilci ne. Ke kaina ce. In na tsaya a kasuwa na ce 'yata ce, kaina na yaba."

"Shi fa?"

"Shi maraya ne. In ban yabe shi ba, wa zai yaba?"

Na ce, "Ni ban ce kada a yabe shi ba."

"Na sani." Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yawan yi. "Shi ina koya masa ne, shi ya sa nake masa faɗa. Ke tambayarki nake yi. Mutum ba ya faɗa da wanda yake tambaya."

Maganar ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma a ɗaki ya faɗe ta, daga ni sai shi sai kwanon dambu. Hula kuwa a bainar jama'a aka ɗora ta. Na tashi na ɗauki mayafina, kuma a hanyar gida wani mugun tunani ya zo mini, cewa da ma ni ma marainiya ce ko na yini ɗaya. Na yi ta istigfari har na isa. Yanzu ga shi na zama, kuma mai yabon ya tafi.

Ciwon ajalinsa shanyewar ɓarin jiki ne. Ya ɗauke masa hannun dama da rabin magana. Ni na riƙa dama masa kunu ina ba shi a baki, amma ɗagawa da kwantarwa da kai shi bayan gida, kunya ba ta bar shi ya yarda in yi ba. Ɗan Gwaggo ya bar gidansa ya dawo zaure da kwana. Shi yake masa aski, shi yake yanke masa farce. In Baba yana son wani abu kuma harshe ya ƙi, ni in yi ta zato ina kuskure, shi kuwa kallo ɗaya ya ce, "Kawu yana so a juya masa filo." Kuma haka ne. Ban taɓa kama shi da gajiya ko ƙorafi ba. Na nema, Allah ya sani na nema. Da mugu ne da na huta.

Bayan an yi addu'ar uku jama'a suka ragu. Ina tsakar gida ina haɗa kwanukan maƙwabta sai ya yi sallama ya shigo, da takardun zane a naɗe a hammata. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

Ya ce, "Yaya, akwai aikin da Kawu ya karɓa kafin ya kwanta. Masu matsar man riɗi ne a hanyar Maigatari. Suna da tukunyar da ke ɗauke da sinadarin da suke wanke mai da shi, mai kama wuta kamar fetur. Sun ce in ba mu ba su girman bawul ba, za su ɗaura wanda ya zo da ita."

Na ce, "To, ka ba su mana. Ai kai ne magaji. Na ji da kunnena, hannunsa ne sak."

Bai yi dariya ba, ni ma ba wasa nake yi ba, kuma ya sani. Ya tsaya riƙe da takardun kamar wanda aka ba ajiyar jariri.

"Na iya ɗaurawa," ya ce. "Na iya gwadawa. Lissafin gobara kuwa ban taɓa yinsa ni kaɗai na yarda da kaina ba. Mata ne suke tsince riɗi a rumfar da ke jikin tukunyar, Yaya. Da goyo a bayansu."

Na so in bar shi a tsaye ya ɗan ji yadda ake ji. Na bar shi kuwa, har na gama jera kwanuka. Sannan na goge hannu na karɓa. Muka shimfiɗa zanen a kan tabarma, na ga tukunyar a tsaye take a kan dakali, ba a kwance ba. Na tambaye shi tsayin dakalin, da inda sinadarin yake tsayawa in an cika ta, da ko abin da aka naɗe ta da shi zai iya jure wuta ko zai zube da zarar an watsa masa ruwa. Ya amsa wasu, wasu ya ce sai ya koma ya auno. Na ce bawul ɗin da ya zo da ita don matsin aikin yau da kullum aka yi shi, ba don gobara ba, kada su kuskura.

Ya fara naɗe takardu. Ni kuwa akwai tambayar da nake riƙe da ita tun ranar da maza suka ɗauki makara suka fita, muka tsaya a bakin zaure muna kallon bayansu.

Na ce, "Kai ka yi masa wanka?"

"Ni da liman."

"Kai ka shiga kabarin?"

"Ni na karɓe shi daga ƙasa."

"Yana da nauyi?"

Ya ajiye takardun.

"Ko kaɗan. Na shirya ƙarfina, sai na ji kamar an miƙo mini damin kara. Na kwantar da shi a gefen dama, na kwance ɗaurin kai. Ƙasar wurin rairayi ce mai laushi, akwai aduwa daga gabas, inuwarta tana kaiwa kansa da safe. Da aka ce in fito sai na kasa. Sai da Alhaji mai gas ya miƙo hannu ya jawo ni."

Na ce, "Ina kishinka, Ɗan Gwaggo. Har wannan ma."

Ya ce, "Na sani, Yaya."

Bai ce in yi haƙuri ba, bai ce ba ni da dalili ba. Muka zauna a kan tabarmar nan, zanen tukunya a tsakaninmu, ni ina kuka shi yana kuka, har Umma ta fito ta same mu, ta koma ɗaki.

An ɗaura wa tukunyar masu riɗi bawul ɗin da ya dace da ita, matan suna nan suna tsintar riɗinsu. Kishin kuwa bai tafi ba, ya dai daina hana ni cin abinci.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya sanyaya ƙasar da ke kansa. Ya tsare bayin Allah daga wutar duniya iyakar saninsa. Ya Ubangiji, Ka tsare shi daga ta lahira. Mu da ya bari, wanda ya yaba a fili da wadda ya yaba a ɗaki, Allah ya sa mu cika da imani.